Na kwafe teburin Hive mai ma'amala zuwa wani gungu, ya iso fanko: ina matsalar take?

Tambaya: Muna da gungun kwamfutoci biyu, kowanne da Hive ɗinsa, manhajar da ke bari a yi tambaya da SQL a kan manyan fayiloli. Akwai wani babban tebur da muke yi wa UPDATE da DELETE. Na kwashe foldarsa da distcp, kayan kwafin fayiloli tsakanin gungu da gungu, zuwa sabon gungun, na ƙirƙiri tebur mai tsari iri ɗaya a can. Fayiloli duk sun iso, girmansu daidai, amma SELECT ba ya dawo da ko layi ɗaya. Da tebura na yau da kullum wannan dabarar ba ta taɓa ba ni matsala ba. Me ya faru, kuma wace hanya ce daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, distcp bai yi maka laifi ba, abin da ka sa shi ya yi. Matsalar ita ce rabin teburin ka ɗauko. Tebur na yau da kullum a Hive folda ce kawai da bayanin ginshiƙanta, duk fayil ɗin da ke cikin foldar na teburin ne, shi ya sa kwafi ke wadatarwa. Tebur mai ma'amala, wanda ake kira ACID, irin naka da ake yi wa UPDATE da DELETE, ba haka yake ba. Fayilolinsa na kan HDFS, ma'ajiyar fayiloli ta Hadoop, dandalin da Hive ke zaune a kansa, amma hukuncin wane fayil ne halattacce, wanne aka soke, wanne ba a gama rubutawa ba, yana cikin Metastore, wato rajistar Hive, ta gungun da aka rubuta su. Wannan rajistar ba ta bi distcp ba, kuma ba za ta taɓa binsa ba.

Leƙa cikin foldar da ka kwafa. A ce sunan teburin oda, kuma Hive 3 kuke amfani da shi. Abin da za ka gani zai yi kama da haka:

base_0000040
delta_0000041_0000041_0000
delete_delta_0000042_0000042_0000
delta_0000042_0000042_0000
delta_0000043_0000043_0000

Waɗannan lambobin su ne zuciyar maganar. Duk lokacin da wani zai yi rubutu a teburin, Metastore na ba shi lambar rubutu, sai a sa wa foldar da ya rubuta wannan lambar. HDFS ba ya barin a gyara tsakiyar fayil, don haka Hive ba ya taɓa komawa ya canza layin da ya riga ya rubuta. Idan ka goge layi, sai ya rubuta wata 'yar sanarwa a delete_delta cewa layi kaza ya mutu. Idan ka gyara layi, abu biyu yake yi: sanarwar mutuwar tsohon, da sabon layi a delta. Shi ya sa lamba 42 ta fito sau biyu a sama, UPDATE ce. Ita kuma base_0000040 ita ce abin da ya rage bayan an dunƙule duk rubuce-rubucen da suka gabata har zuwa na 40.

To yanzu a ce rubutu na 43 bai kammala ba, aikin ya mutu a tsakiya, aka soke ma'amalar. Foldarsa tana nan zaune har sai mai shara na Hive ya zo ya kwashe ta, kuma babu wani abu a sunanta da zai nuna maka matacciya ce. Metastore kaɗai ya sani, a cikin teburansa irin su TXNS da TXN_TO_WRITE_ID. Kafin kowace tambaya ta fara karatu, Hive na karɓo jeri daga can: lamba mafi girma da aka taɓa bayarwa a wannan teburin, lambobin da har yanzu suke a buɗe, da waɗanda aka soke. Da wannan jerin yake tace foldojin. Kamar takardar cek ce: lambar da ke jikinta tana da ma'ana ne a bankin da ya ba da littafin, idan ka kai ta wani banki takarda ce kawai.

Ga dalilin da ya sa ka ga fanko. A sabon gungun teburinka jariri ne, ba a taɓa ba shi lambar rubutu ko ɗaya ba. Hive ya duba ya ga 40 da 41 da 42 duk sun wuce iyakar abin da ya sani, sai ya ɗauke su a matsayin rubutun da bai riga ya faru ba, ya tsallake. Wani lokaci ma ba shiru zai yi ba, zai fito da ƙorafi cewa tarihin da ke akwai bai isa ba. A ganina ka yi sa'a da abin ya zo maka a haka, domin ɗaya fuskar ta fi muni. Da ka ƙyale teburin aka ci gaba da zuba masa bayanai a can, lambobinsa za su riƙa hawa, 1, 2, 3. Ranar da suka kai 40 sai tsofaffin layuka su bayyana ba sallama. Da an kai 41 kuma sabon rubutu ya tarar da folda mai sunansa ta riga shi zama. Matacciyar 43 ma, in an kai gare ta, babu mai cewa an taɓa soke ta, layukan da ba su taɓa zama gaskiya ba su shiga cikin rahoto.

Wani zai ce maka shi ya sha yin wannan kwafin a da, kuma ya yi aiki. Ba ƙarya yake ba. A Hive 1 da 2 lambar da ke jikin folda lambar ma'amala ce ta gungun gaba ɗaya, ba ta tebur ɗaya ba. Idan gungun da aka kai wa ya daɗe yana aiki har lambobinsa sun zarce na foldojin, sai ya ɗauka duk an kammala su tuntuni, ya karanta. Dace ne kawai, kuma har a wancan lokacin foldojin da aka soke suna shiga a matsayin halattattu. Hive 3, wanda ya fito a 2018, shi ya kawo lambar rubutu ta kowane tebur daban, sai wannan dacen ya ƙare.

Saboda haka duk wata hanya ingantacciya ɗaya daga cikin abu biyu take yi. Ko dai a warware tarihin tun a gungun asali, inda rajistar take, a fito da layukan da ke raye kaɗai a matsayin fayiloli marasa tarihi, ko kuma a ɗauki rajistar tare da fayilolin. EXPORT da IMPORT na farkon suke yi, REPL na biyun.

Umarnin EXPORT da IMPORT sun daɗe, tun Hive 0.8 suke, kafin ma a san da UPDATE da DELETE, waɗanda suka zo a 0.14. Asalin aikin EXPORT mai sauƙi ne: ya rubuta fayil mai suna _metadata da ke ɗauke da bayanin teburin, ya kwafe fayilolin bayanai a gefensa. Sai a zuriyar Hive 3 aka koya masa yadda zai yi da tebur mai cikakkiyar ma'amala. Abin da yake yi a ɓoye shi ne ya ƙirƙiri tebur na wucin gadi marar ma'amala, ya zuba masa duk abin da SELECT ya gani a wannan lokacin, sannan ya fitar da wannan. An riga an zartar da gogewa, an watsar da abin da aka soke, abin da ya fito tsaf yake:

EXPORT TABLE oda TO '/fitarwa/oda';
hadoop distcp -pb hdfs://asali:8020/fitarwa/oda hdfs://masauki:8020/shigarwa/oda
IMPORT TABLE oda_sabo FROM '/shigarwa/oda';

A wajen IMPORT, sabon gungun ne ke buɗe ma'amalarsa, ya ba da lambar rubutu daga rajistarsa, ya ajiye fayilolin a delta mai wannan lambar. Daga nan teburin ɗan gida ne.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne tsadar wannan EXPORT ɗin. Ba kwafin fayil ba ne, karanta teburin ne gaba ɗaya da sake rubuta shi, don haka zai ci lokaci a layin YARN, mai raba wa ayyuka ƙarfin gungun, kamar kowace babbar tambaya, kuma yana buƙatar fili a HDFS da zai ɗauki wani teburin mai girman wannan, ban da ninkin da HDFS ke yi wa kowane fayil. Idan teburin rarrabe yake ɓangare-ɓangare, kada ka yi masa haɗiyar lokaci ɗaya. EXPORT na karɓar PARTITION, ka bi su wata-wata ko rana-rana, ta yadda in abu ya tsaya a tsakiya ba daga farko za ka koma ba. Ita kuwa -pb da na sa a distcp, don ta riƙe girman tubalin fayil ne yadda yake a asali. In gungun biyu sun bambanta a wannan saitin, binciken da distcp ke yi na tabbatar da kwafi zai riƙa faɗuwa, sai mutum ya gaji ya kashe binciken gaba ɗaya da -skipcrccheck, wanda bai kamata ya zama matakin farko ba. In kuma sigar Hadoop ɗin ba ɗaya ba ce, a karanto ta webhdfs, hanyar shiga HDFS ta HTTP, a gudanar da aikin daga gungun da za a kai wa.

Ka lura na shigar da shi da sabon suna. Ƙa'idar IMPORT ita ce in tebur mai wannan sunan yana nan, dole tsarinsu ya yi daidai, kuma wurin da za a zuba ya zama babu komai a ciki. Ya fi kwanciyar hankali ka shigar a gefe, ka bincika, sannan ka sauya suna.

Akwai nau'i na biyu na tebur mai ma'amala da ya kamata ka tabbatar ba shi ne naka ba, duk da cewa tun da kuna UPDATE ba shi ba ne: wanda ake zuba wa kawai, mai alamar insert_only. Shi ba shi da delete_delta, kuma ba dole sai tsarin fayil na ORC ba. Fitar da shi ya fi arha, zaɓen foldojin da aka kammala kawai ake yi. Amma shi ma lambobin rubutu ne ke riƙe da shi, kwafi da hannu zai ba ka fanko iri ɗaya. A dandalin Hortonworks na 3 da na Cloudera da ya gaje shi, CREATE TABLE kawai in ka rubuta, tebur mai ma'amala za ka samu ko ba ka nema ba. Mutane da yawa ba su san teburansu na da ma'amala ba sai ranar ƙaura. DESCRIBE FORMATTED zai nuna maka, duba transactional da transactional_properties.

Idan ɗaya daga cikin gungun tsoho ne, Hive 1 ko 2, ko sigoginsu sun yi nisa da juna, ni ba na dogara da EXPORT. Da hannu nake yin abin da yake yi a ɓoye, kuma gaskiya ko a Hive 3 wannan hanyar na fi so in teburin na da muhimmanci, don kowane mataki a fili yake. A gungun asali ka ƙirƙiri tebur na waje, EXTERNAL, mai ginshiƙai iri ɗaya, a ORC. Tebur na waje ba ya zama mai ma'amala, wannan ita ce fa'idarsa a nan. Ka yi INSERT OVERWRITE daga oda zuwa cikinsa. Ka kwashe foldar da distcp, yanzu kam kwafi halal ne. A can ka ɗora wani tebur na waje a kan foldar, ka yi MSCK REPAIR TABLE don ya gano ɓangarorin, ka ƙirƙiri teburin ma'amala na gaskiya, sannan INSERT INTO daga na wajen.

Rubutu biyu ne maimakon ɗaya, na sani. Abin da kake saya da shi shi ne sabon gungun ne da kansa ya rubuta kowane fayil bisa dokokinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsarin ma'amala na Hive 1 da 2 daban yake da na 3. A tsohon, dole teburin ya zama an raba shi bokiti-bokiti, wato an rarraba layukansa cikin ƙayyadaddun fayiloli bisa lissafin wani ginshiƙi, kuma gyara da gogewa a cikin delta ɗaya suke zaune da sababbin layuka. A sabon an raba su, bokiti kuma ba dole ba ne. Hive 3 ba ya iya fassara tsofaffin delta masu gyara da gogewa, shi ya sa ko ɗaga siga za a yi a gungu ɗaya sai an yi wa irin waɗannan teburan babbar dunƙulewa tukuna. Har lissafin da ke yanke wane layi zai faɗa wane bokiti ya canza, za ka ga bucketing_version na 1 a tsofaffin tebura, na 2 a sababbi. Fayil ɗin da aka raba da tsohon lissafi, aka ɗora a teburin da ke iƙirarin sabo, zai riƙa ba da amsar da ba ta cika ba a duk tambayar da ta dogara da bokiti, kuma ba tare da wani ƙorafi ba. INSERT a sabon gungun ya kashe wannan maganar duka. In ma tun asali don dole kuka sa bokitin, ga damar rabuwa da shi.

Tun da na ambaci dunƙulewa, bari in tare wata shawara da za ka ci karo da ita: wai ka yi ALTER TABLE oda COMPACT 'major', ka jira SHOW COMPACTIONS ya nuna an gama, sai ka kwafe base kaɗai. Rabin gaskiya ce. Babbar dunƙulewa na share abin da aka goge da abin da aka soke, haka ne. Amma foldar da ta fito har yanzu lambar rubutu ce a sunanta, wadda sabon gungun bai sani ba, kuma layukan da ke cikin fayilolin suna nannaɗe da ginshiƙan ɓoye na Hive: lambar rubutun asali, bokiti, lambar layi. A sababbin sigogi ma akwai ƙarin lambar ma'amalar mai dunƙulewar a wutsiyar sunan. Masu bin wannan hanya kan ƙare da shiga rumbun Metastore su gyara NEXT_WRITE_ID da hannu. Yana iya yin aiki, amma ba zan sa hannu a kai ba a gungun da ake dogara da shi. Haka nan kada ka ɓata lokaci wajen ƙoƙarin cire transactional daga teburin asali don ya koma na yau da kullum, Hive ba ya yarda, ƙofa ce mai shiga kawai.

Duk abin da na faɗa zuwa nan na ƙaura ce ta sau ɗaya. In abin da kuke so shi ne gungu na biyu ya riƙa bin na farko kullum, saboda ranar da na farko zai faɗi, to EXPORT ba kayan aikin ba ne, ba za ka riƙa sake rubuta tebur gaba ɗaya kowane dare ba. Nan ne REPL DUMP da REPL LOAD suke shigowa. Su yawanci a kan rumbun bayanai guda suke aiki. Zagayen farko su kwashe komai, daga nan su riƙa bin littafin abubuwan da suka faru a Metastore: an buɗe ma'amala, an ba da lambar rubutu, an kammala, an soke. Suna maimaita waɗannan a ɗaya gungun, don haka lambobin rubutun teburin suna zama iri ɗaya a gefe biyu, foldojin kuma suna da ma'ana a can. Wannan ne ma dalilin da ya sa aka raba lambar rubutu da lambar ma'amala tun farko. Sharuɗɗansa uku ne da ba a wasa da su. Kada kowa ya yi rubutu a kwafin, in ba haka ba lambobi su yi karo. Zagayen farko yana jiran ma'amalolin da ke buɗe su ƙare, in sun wuce wa'adi yana iya soke su, don haka a zaɓi lokacin da aiki ya lafa. Sannan littafin abubuwan da suka faru ana share tsofaffin shafukansa, in kwafin ya tsaya ya daɗe ba a lura ba har aka share abin da bai karanta ba, sai an koma zagayen farko. Kafin ka gina komai a kansa ka tabbatar sigar da ke hannunka na ɗaukar tebura masu ma'amala a REPL, domin wannan ya zo ne daga baya, a Hive 4 da dandalin Cloudera ya zauna sosai.

Akwai wani tarko da ya shafi EXPORT da hanyar hannu duka, kuma ba a cika faɗarsa ba. Kowane umarni a Hive ma'amalar kansa ce, hoton da yake gani na lokacin da ya fara ne. Idan ka fitar da oda da ƙarfe ɗaya, ka fitar da teburin biyan kuɗi da ƙarfe biyu, kowannensu daidai yake a kan kansa, amma tare ba su dace ba: za a sami biyan kuɗin da odarsa ba ta zo ba. In teburan na da alaƙa, a tsayar da masu rubutu tukuna, a duba SHOW TRANSACTIONS a ga babu abin da ke buɗe, sannan a fara. In tsayarwa ba za ta yiwu ba, a yanke da ginshiƙin lokaci ɗaya a duka teburan, a biyo da ragowar daga baya da MERGE, umarnin da ke gyara layukan da ke nan ya ƙara waɗanda babu.

Wajen tabbatarwa, kada count(*) ya ruɗe ka. Idan hive.compute.query.using.stats a kunne yake, Hive na iya ba ka adadin daga ƙididdigar da ke ajiye ba tare da ya buɗe fayil ko ɗaya ba. Kashe shi a zaman da kake bincike, a gefe biyun. Ka ƙirga ɓangare-ɓangare, ka tara jimillar wani ginshiƙin lamba, ka nemi maɓallin da ya maimaitu. Ka ɗauki layuka kaɗan ka kwatanta ginshiƙan lokaci da ido, musamman in agogon gungun biyu ba a yanki ɗaya aka saita su ba ko kuma ana tsallakawa zuwa Hive 3.1, inda aka canza yadda ake fassara TIMESTAMP. Girman fayil kuwa ba hujja ba ce ko kaɗan a nan, don abin da aka goge bai biyo ba. Bayan haka ka yi ANALYZE TABLE don sabunta ƙididdigar, ka sa babbar dunƙulewa sau ɗaya. Izinin shiga da ke Ranger, manhajar kula da izini, ba ya cikin _metadata, sai an sake kafa shi. Kuma in akwai wani aiki da ya ajiye ROW__ID, shaidar ɓoye ta kowane layi, yana dogara da shi, ya sani lambobin sun zama sababbi.

Saura teburin da ka riga ka ƙirƙira a can. Kada ka zuba masa komai, kada ka yi ƙoƙarin gyara shi, sauke shi za ka yi. Amma kafin ka rubuta DROP TABLE, duba LOCATION ɗinsa da kyau. Yawanci da SHOW CREATE TABLE ake kwafo tsarin tebur, shi kuma yana fitowa ne da cikakken adireshin foldar, har da sunan gungun asali. Idan ka manna shi haka ba ka gyara ba, teburin da ke sabon gungun yana nuni ne da fayilolin tsohon, kuma DROP a kan teburin da Hive ke kula da shi yana tafiya da fayilolin. In adireshin na sabon gungun ne, sauke shi, ka tabbatar foldar ta tafi, sannan ka fara da ɓangare ɗaya ƙarami ta EXPORT ko ta teburin waje, ka bi shi har ƙarshen bincike kafin ka saki sauran.